Yadda Za Ka Gama Kundin Digiri Ba Tare da An Ji Muryarka Ba

Ɗalibi, matso kusa. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbaci za ka shiga ɗakin kare kundi da hantsi, ka fito kafin azahar da digirinka, mata suna guɗa, kuma babu mahaluƙin da zai iya faɗin abin da kai kanka kake tunani a kan komai. Ko kai ma ba za ka iya ba.

Sunana Bilkasim. Shekara ashirin da uku ke nan ina da shagon buga takardu da ɗinkin kundi a gaban ƙofar jami'a, tsakanin mai shayi da mai gyaran waya. Ban taɓa zama a aji a cikinta ba, amma kundin da ya bi ta hannuna ya fi wanda shugabanta ya taɓa gani da idonsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata sabuwar cuta da ta shigo mana. Wasu matasan malamai sun fara ce wa yara wai suna so su ji muryarsu a cikin rubutu. Murya kuma? Mutum ya zo neman takardar shaida, ana nema a mai da shi mawaƙi.

A duk shekarun nan mutum ɗaya ce ta watsa mini ƙasa a ido: Mas'uda, 'yar Si Lahdar, wato Malam Lahdar a bakinmu, mai hawan dabino, ɗalibar sashen aikin gona. Dole ne ta gama a watan Yuni, domin a Yuli za a yi jarrabawar ɗaukar ma'aikata a ofishin noma na lardinmu. Sai a yi shekara uku ko huɗu ba a buɗe ta ba, kuma ba a shiga sai da digiri a hannu. Zan riƙa kawo maka labarinta a hanya don ka ga inda ake zamewa.

Mataki na ɗaya: Sallami kanka tun daga bakin ƙofa

Kada ka rubuta "na ga", ko "na ji", ko "ina ganin". Kai wane ne? Rubuta "mai bincike ya lura". Mai bincike mutum ne mai rufin asiri. Ba shi da uwa, ba shi da unguwa, bai taɓa cika ciki da kuskus ya yi barci a laburare ba. Idan ya yi kuskure, sai a je a nemo shi.

In ka ji wani ra'ayi yana taso maka tsakiyar rubutu, tashi ka sha ruwa, ka ɗan zaga. Zai wuce.

Mataki na biyu: Faro daga nesa

Buɗe gabatarwarka da abin da ba wanda zai musa, kamar "Tun da aka halicci ɗan Adam yake neman abinci." Daga nan ka ɗauki kowace kalma da ke cikin taken kundinka ka fassara ta sau biyu, a lugga da kuma a wajen masana.

Kundin Mas'uda a kan barbarar dabino yake. Na sa ta cika shafi huɗu da ma'anar dabino daga ƙamus uku, domin malamai uku su karanta, waɗanda kowannensu da shi ya karya kumallo, ɗayansu ma bishiya ɗari biyu gare shi.

"Baffa," in ji ta, "akwai wanda bai san dabino ba a garin nan?"

"'Yata, sanin ci daban, sani mai lambar shafi daban. Rubuta."

Ta rubuta. A lokacin tana da biyayya.

Mataki na uku: Ko kukan ma akwai shiryayye

Na san zuciya ba ta rasa abin faɗi, shi ya sa aka ware mata shafi guda, na sadaukarwa. Amma ko a nan kada ka wahalar da kanka. Ina da guda goma sha biyu a kwamfuta. Lamba huɗu ta uwa ce wadda ta zama kyandir tana ƙonewa don ta haska maka hanya. Lamba bakwai ta wanda aka yi wa baiko ce, amma ba ya so ya kama suna saboda ba a san gobe ba. Zaɓi ɗaya, in cika sunaye.

Abu guda: karanta kafin a ɗinke. Bara waccan wani yaro ya ɗauki lamba tara, wadda ta fara da "Ga ran marigayi mahaifina", alhali ranar kare kundin mahaifin yana zaune a layin gaba yana cin makrud, alkakin nan namu mai dabino a ciki. Dattijon bai yi fushi ba. Ya dai tambaya a wajen walima ko an yi masa sadakar uku, don shi ba a gayyace shi ba.

Mataki na huɗu: Kada ka san komai da kanka

Nan ne zuciyar aikin. Kowace jimla sai da mai ita: suna, shekara da shafi, a cikin baka biyu. Mafi kyawun mai jimla shi ne wanda yake nesa, in so samu ne ya mutu. Abin da ka gani da idonka ba ilimi ba ne, labari ne, kuma labari a gidan shayi ake ba da shi.

A babi na uku Mas'uda ta fara karkacewa. Ka san yadda ake yi in bazara ta shigo: kwanson furen macen dabino ya tsage, a hau, a cusa mata 'yan zarurrukan furen namiji, a ɗaure. To, sai ta rubuta cewa akwai wani tsohon namijin dabino a bakin rijiyar gonarsu, wanda duk macen da aka ba furensa takan nuna kusan mako biyu kafin sauran, a yanke ta kafin ruwan kaka ya zo ya ɓata amfani. Dakta Hamlawi, malamin da ke duba aikinta, ya kewaye sakin layin da jan biro, ya rubuta a gefe: "Wa ya faɗa?"

Ta shigo shagona da takardar a hannu, fuska a murtuke.

"Baffa Bilkasim, Babana ne ya faɗa. Ni ma na gani."

"Babanki ya wallafa?"

"Baba ko sunansa ba ya rubutawa, ka sani."

"To bai faɗa ba ke nan. Cire shi."

"In na cire shi, me ya rage a kundin? Ma'anar dabino?"

Ka ji irin bakin da nake gaya maka. Ta yi mako biyu tana tonon laburare. Ta sami waɗanda suka yi magana a kan dabinon wasu ƙasashe, amma babu ko ɗaya da ya taɓa jin labarin namijin bakin rijiyar Si Lahdar, ga shi ranar miƙa kundi ta rage kwana tara.

Mataki na biyar: In babu madogara, yi wa mai maganar shekara

Wannan matakin na manya ne, kada ka nuna wa 'yan aji ɗaya.

Na ce mata, "Yaya sunan Babanki?"

"Ka san sunansa, tare kuke sallar Juma'a."

"Yaushe ya fara faɗin wannan magana?"

"Tun kafin a haife ni."

Na juya ga kwamfuta, na buɗe baka, na rubuta: Lahdar, 1987, shafi na 41. Na rufe baka. A jerin manazarta na ƙarshe na ba shi littafi mai dogon suna, da wata maɗaba'a da na san ba za ta zo ta yi ƙorafi ba.

"Baffa, wannan ai ƙarya ce."

"Ina ƙaryar? Shi ya faɗa ko ba shi ba ne?"

"Shi ne. Amma shafi na arba'in da ɗaya fa?"

"Ba a bincikar shafi mai lambar mara. Kowa ya san haka."

Ta sake duban allon. Na tuna mata watan Yuli. Ta ce in buga. Washegari Dakta Hamlawi ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, yanzu abin ya zama ilimi. Har ya shawarce ta ta ƙara dogara da wannan malamin, tunda da alama ya san aikinsa. Ta ƙara sau biyar.

Mataki na shida: Cika teburin malamai

Ranar kare kundi, je da wuri ka shimfiɗa farin mayafi a teburin kwamiti. Jera ruwa, lemo, makrud, gyaɗa da dabino mai kyau. Bakin da ke tauna ba ya doguwar tambaya. Sa 'yan'uwanka a layin baya, ka ja musu kunne kada a fara guɗa sai an faɗi sakamako.

Haddace jawabinka na minti goma, ka karanto shi da murya ɗaya kamar mai sanarwar tashar mota. Duk tambayar da aka yi maka, amsarta ɗaya ce: "Na gode, Dakta, za a gyara." In an ce babi na biyu ya yi tsawo, za a gyara. In an ce ya yi gajarta, za a gyara. Na ga yaron da aka tambaya ƙarfe nawa, ya ce za a gyara, kuma ya fita da sakamako mai kyau.

Dangin Mas'uda sun zo da mota biyu daga ƙauye. Si Lahdar bai taɓa shiga jami'a ba sai ranar. Ya sa farar rigarsa ta idi da rawani, ya tsaya a ƙofar ɗakin yana tambaya ko a nan ake cire takalmi. Ni ma ina wajen, na kawo ragowar kwafi biyu da na ɗinke, na tsaya daga bakin ƙofa in ga yadda aikina zai kaya.

Mataki na bakwai: Gane malamin da ke karantawa

A kowane kwamiti, Allah na iya jarrabtar ka da malamin da ya karanta kundin. Alamarsa a bayyane take: kwafinsa ya yi laushi, gefen shafuka a lanƙwashe, kuma ba ya taɓa makrud. In ka gan shi, rage tsawon jimlolinka, ka ƙara yawan godiya.

Na Mas'uda mace ce, Dakta Yamina, ɗaya daga cikin masu neman muryar nan. Ta bari Farfesa shugaban kwamiti ya gama ƙorafi a kan faɗin gefen shafi, sannan ta buɗe babi na uku.

"Mas'uda, akwai wani malami da kika dogara da shi sau shida. Na nemi littafinsa a laburarenmu ban samu ba. Na tambayi abokan aiki a babban birni, na rubuta wa wata ƙawata a Tunis. Ina so in karanta shi, don abin da ya faɗa shi ne kaɗai abin da ya hana ni gyangyaɗi a kundin nan. Wane ne Lahdar?"

Amsar da ta dace, rubuta ta a tafin hannunka: "Tsohon bugu ne, Dakta, a hannun wani na gani, za a gyara." Mas'uda ta san wannan amsa. Na ga leɓenta ya fara motsi.

Sai kujera ta yi ƙara a layin baya. Si Lahdar mutum ne mai ladabi, ba a kiran sunansa a gaban manya ya ci gaba da zama. Ya miƙe, ya gyara rawani.

"Ga ni, Malama. Lafiya dai?"

'Yan ajinsu suka fara ƙunshe dariya. Farfesa ya ajiye dabinon da ke hannunsa, ya cire tabarau.

"Baba, kai ne ka wallafa littafi a shekarar tamanin da bakwai?"

"Littafi? A'a, ɗana. A shekarar dai na yi aure."

Mataki na takwas: In murya ta kuɓuce, kama ta da wuri

Ko a nan ma akwai mafita. Ka ce suna ne ya zo ɗaya. Lahdar nawa ne a ƙasar nan? Ka sa wani ya zaunar da tsohon, ka yi murmushi, ka ce za a gyara.

Mas'uda ta kife takardar jawabinta a kan tebur.

"Dakta, mahaifina ne. Bai rubuta littafi ba. Shekarar da shafin da sunan littafin duk ƙirƙira ce, kuma ni na sa hannu a kundin."

Ina tsaye tazarar taku biyar daga gare ta, ko kallon inda nake ba ta yi ba.

Dakta Yamina ta rufe nata kwafin. "To, bar kundin. Gaya mini abin da ke kika sani."

A nan ne yarinyar ta lalace gaba ɗaya. Ta ce tun tana shekara bakwai take zama a gindin bishiya tana raba furen namiji uku uku, tana ɗaurewa da ganyen dabino, tana sa wa Babanta a kwando ya ja da igiya. Ta ce ko an rufe mata ido tana gane furen bakin rijiya da ƙamshinsa. Ta ba da labarin kakar da aka yi ruwa kwana uku a jere, dabinon maƙwabta ya yi tsami a kan bishiya, nasu kuwa ya riga ya shiga ɗaki, da yadda Babanta ya hana su murna a fili don kada maƙwabta su ji. Ta faɗi bishiyoyi nawa ta bi da kanta a shekara biyun da suka wuce, da ranar da kowace ta nuna. Minti goma sha biyar tana magana, ba baka ko ɗaya, ba shekara, ba shafi. Farfesa mai bishiya ɗari biyu har ya manta matsayinsa, ya tambayi Si Lahdar ko ana iya samun ɗan furen nan in bazara ta yi.

Aka fitar da mu don kwamiti ya yi shawara. Suka daɗe. Gwaggonninta suna tsaye a baranda, guɗa a maƙoshi, ba su san ko su sake ta ko su haɗiye ba. Da aka kira mu, Farfesa ya karanta hukunci. Madogarar ƙarya laifi ne da ke iya jawo kora, amma tunda ta faɗa da bakinta, ba za a kore ta ba. Ba za kuma a ba ta digiri yau ba. Ta sake rubuta babi na uku, ta sa mahaifinta a matsayin wanda ta ji daga bakinsa, ta sa abin da ta gani a matsayin nata, ta dawo a watan Satumba.

Satumba bayan Yuli take. Kowa a ɗakin ya san lissafin.

A kan matakala na ji Si Lahdar yana cewa, "'Yata, da na yi zamana."

"An kira sunanka ka amsa, Baba. Me ka yi?"

Sannan ta yi kuka. Ni kuma, tunda takardar nan tawa ce, bari in faɗa sau ɗaya: ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na bi ta ƙofar baya na koma shago, na ce wa mai shayi in an tambaye ni ba na nan.

Mataki na tara: Kada ka kai mahaifinka wajen mai buga takardu

A tsakiyar Agusta, ana zafin da ko ƙuda ba ya tashi, sai ga su su biyu. Ta ajiye mini shafi ashirin na rubutun hannu.

"Baffa, buga shi yadda yake. Kada ka gyara mini ko kalma."

Na buɗe baki in ba ta haƙuri, ta ce in ma haƙuri ne, a bar shi sai an gama bugu. Si Lahdar ya ja kujera ya zauna, ya ce tunda sunansa na ciki, in riƙa karantawa da ƙarfi ina bugawa.

Na yi ta karantawa yana gyaɗa kai, har muka zo wani wuri. Ta rubuta cewa mahaifinta ya tabbata furen ne ke sa saurin nuna, amma ita tana da shakka. Ta lura cewa duk matan dabinon da yake ba furen bakin rijiya suna farkon magudanar ruwa ne, su ke fara sha kafin sauran. Don haka ba za ta iya cewa furen ne ko ruwan ba, sai an ba bishiya goma na ƙarshen gona wannan furen an gani.

"Tsaya, Si Bilkasim. Maimaita wajen nan."

Na maimaita.

Ya juya ya dube ta. "Wato kin saɓa mini a cikin littafi."

"Shafi biyu ne kawai, Baba."

"Shekara arba'in ina hawa bishiyar nan."

"Kai kana sama. Ni ina ƙasa, inda ruwan yake bi."

Ya shafa gemu. Na ga dama ta samu, na ce ko in ɗan lulluɓe wajen, in sassauta kalmomin yadda ba za a gane an yi saɓani ba. Sana'ata ce, minti biyu ya ishe ni.

"Bar mata shi yadda ta rubuta," in ji shi. "In kaka ta zo ta ƙaryata ta, ina so in san wadda zan yi wa dariya." Ya sake dubanta. "Kuma goma ta yi yawa. Biyar zan ba ki."

Suka yi ta ciniki har na gama bugun. A bakwai suka tsaya.

Wanke hannu

Ni Bilkasim, mai shagon da ke tsakanin mai shayi da mai gyaran waya, ina shaida wa duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa cewa ba ni da alhakin komai. In an kama ka, ban san ka ba. Mataki na biyar kuwa ban san wanda ya cusa shi a nan ba, wataƙila a wajen ɗinki ya shigo.

In ka ƙi bin shawarata ka yi irin ta Mas'uda, nan ma ba ruwana, kuma kada ka ce ban gaya maka tsadarsa ba. Ta sami digirinta a Satumba, an yi guɗar da aka haɗiye, amma aikin ofishin noma ya wuce ta. Wani yaro ne ya samu, ɗalibina na kirki, wanda bai tsallake mataki ko ɗaya ba. Ita tana gona, ta ɗaura jan ƙyalle a bishiya bakwai, tana jiran bazara.

In kuma ka bi matakan nan sau da ƙafa ka fita lafiya, Allah ya sa albarka. Sai dai wata rana, bayan shekara ashirin, ɗanka zai sauko da kundin daga saman kabad, ya kakkaɓe ƙura, ya buɗe, ya ce, "Baba, wane layi ne naka a ciki?" Ranar kada ka turo shi shagona. Ni na buga shi, kuma na riga na duba.